Launin tsohon gilashin kyamara da na sabo

Malam Bala: Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Agege a birnin Legas. Yau ni da Hajiya Rabi za mu duba maganar da masu ɗaukar hoto suke yawan yi, wai tsohon gilashin kyamara ya fi na zamani fitar da launi mai daɗin kallo. Hajiya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Hajiya Rabi: Akwai bambanci, Malam, amma tushensa shi ne siririn shafin da ake yi wa gilashin domin rage hasken da yake mayarwa, wanda na tsohon gilashi bai kai na sabo ba. Kowace fuskar gilashi da ba a shafa ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, kuma wannan haske yana yawo a ciki har ya sauka a kan hoton kamar hazon hunturu, sai baƙi ya dusashe, ja kuma ya yi sanyi. Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro shafin a 1935, sannan Pentax ya fito da mai hawa-hawa, wato SMC, a 1971.

Malam Bala: To, ina batun rawayar da ake gani a tsohon gilashin nan mai suna Super-Takumar 50mm f/1.4? Mutane da yawa suna ɗauka da gangan aka yi ta.

Hajiya Rabi: Tsufa ne ya kawo ta. Kamfanin Asahi na Japan, wanda ya ƙera shi, ya sa sinadarin toriyam a gilashin, kuma shi ne yake rina shi sannu a hankali tsawon shekaru. Idan aka shanya shi a rana na wani lokaci, rawayar tana raguwa. Kyamarar zamani ma tana share yawancinta da kanta lokacin da take daidaita fari, don haka wanda ya biya kuɗi mai yawa saboda wannan launi kaɗai, a ganina bai ci riba ba.

Malam Bala: A nan kam ina da ja, Hajiya. A ɗauki hoton danfo, wato motar bas ta haya mai launin rawaya, a Obalende da tsakar rana da sabon gilashi, rawayarsa za ta fito da kaifi, inuwa kuma ta yi baƙi ƙirin, har fuskar kwandasta ta ɓace a bakin ƙofa. Tsohon gilashin Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyet, wanda aka kwaikwaya daga gilashin Biotar na Zeiss, yana sassauta wannan inuwa, kuma baƙar fata tana amfana da hakan ƙwarai.

Hajiya Rabi: Na yarda da kai a hoton fuska. Amma wanda zai ɗauki tumatir da attaruhu a kasuwar Mile 12, ko atamfa domin talla, sabon gilashi ya kamata ya riƙe, domin mai saye yana son ya ga ainihin launin kayan.

Malam Bala: Mai neman tsohon gilashi a Legas fa, me zai fara dubawa?

Hajiya Rabi: Funfuna, domin laimar garin nan tana haifar da ita a ciki, kuma tana cinye shafin. Ya buɗe kafar shigar haske ta gilashin gaba ɗaya, ya haska tocila ta baya, idan ya ga farin zare-zare ya mayar wa mai shi kayansa.