Tsohon shafin intanet, ka gyara shi da kanka ya dace da wayarka

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Akwai shafukan intanet da anka gina tun lokacin da kowa kwamfuta yake aiki da ita, ka buɗe su a waya rubutu ƙanana kamar tururuwa, ka ja da yatsu biyu ka tura hagu ka tura dama, kafin ka samu abin da kake biɗa mega ta tafi. To ba dole sai mai shafin ya gyara ba, kai ma akwai abin da za ka iya daga wayarka.

Ka buɗe shafin cikin Chrome, ga ɗigo uku can sama hannun dama, ka danna, ka sauko har inda anka rubuta "Ajouter à l'écran d'accueil". Shi ke nan, tambarin shafin ya zauna kusa da WhatsApp ɗinka, gobe dannawa guda ce babu sake rubuta adireshi. Amma ku ji da kyau, ba kowane shafi ne ke zama aplikasiyo na gaske ba. Wanda anka gina da tsarin PWA (wato shafi mai aiki kamar aplikasiyo), sunan da masu gina shafukan intanet Alex Russell da Frances Berriman sunka raɗa a 2015, yana ajiye wani sashe nasa cikin wayar, yana buɗewa ya cika allo, wani ma ko babu rezo yana aiki. Wanda ba shi da shi kuwa gajeruwar hanya ce kawai, in babu intanet ba abin da za ka gani.

Maganin wannan yana cikin ɗigo ukun nan, kibiyar da ke kallon ƙasa. Ka danna, shafin ya sauko cikin "Téléchargements", in za ka bar Tahoua zuwa ƙauye wajen Keita ko Abalak inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, karatunka na aljihu.

Ni dai wajen buɗe shafuka a waya Firefox na fi so gaskiya, shi ma irin Chrome ne, don na Android yana karɓar ƙananan kayan ƙari, Chrome na waya bai karɓa. Ka sa Dark Reader shafi ya koma baƙi da dare ido ya huta, ka sa uBlock Origin tallace-tallacen da ke shanye maka forfe su ɓace, kuma duka kyauta.

Sai masu shago da ke da ɗan shafinsu, mai kilishi ko mai takalman fata. Mai saye ba ya son kwafe lamba da hannu. Ka rubuta wa.me, ka sa sanda mai karkata (/), sai 227 lambar ƙasar Nijar, sai lambobinka 8 a manne, ban da alamar ƙari ban da tazara, a nan mutane da yawa ke kuskure. Ka liƙa adireshin ƙarƙashin hoton kaya, duk wanda ya taɓa, hira ta buɗe tsakaninku a WhatsApp. Kafin ka raba shi a gurup ka ba wani ya gwada daga tasa wayar tukuna.