Darasin Kimiyyar Halittu: Yadda Masana Ke Rarraba Halittu da Raɗa Musu Suna

Assalamu alaikum, 'yan makaranta da sauran masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. A ɗauko biro da takarda, don yau akwai sunayen da sai an rubuta za su zauna.

Bari in fara da tambaya. Dankalin Turawa, wannan da ake nomawa a Jos, wa ya fi kusanci da shi: dankalin Hausa ko tumatir? Na san da yawa za ku ce ai dankali ɗan'uwan dankali ne. To a wajen masana tumatir ne, shi da gauta. Ku duba furen dankalin Turawa, ku duba na tumatir, za ku ga ƙira ɗaya ce. Idan aka bar shi a gona har ya yi 'ya'ya a sama, 'ya'yan kamar ƙananan ɗanyen tumatir suke, sai dai ba a cin su, suna da guba. Shi kuwa dankalin Hausa yaɗo yake yi, furensa kamar bakin mazurari, danginsa daban. Mu abin da muke haƙowa a ƙasa muka duba muka ba su suna ɗaya. Masani kuma zumunci yake nema.

Akwai wata matsalar. Abin da Bakano ke kira kuɓewa, a Sakkwato guro ne. Kyanwa wani ya ce mage, wani ya ce mussa. A cikin Hausa kaɗai ke nan, balle a haɗa da Larabci da Faransanci da harsunan Indiya. Dole a samu suna ɗaya da kowa zai gane.

Wanda ya daidaita wannan aiki shi ne Carl Linnaeus, likita kuma masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, an haife shi a 1707, ya rasu a 1778, ya koyar a jami'ar Uppsala. Kafin shi, sunan tsiro ɗaya kan zama dogon jimla na Latin mai kalma bakwai ko takwas, ana siffanta kara da ganye da fure. Shi ya ce kalma biyu ta isa. Sunayen tsirrai da ake amfani da su yanzu an ɗauki littafinsa na 1753 a matsayin mafari, na dabbobi kuma na 1758.

Ga yadda yake. Kalmar farko sunan gida ne, a littafinku an rubuta jinos. Ta biyu ita ke ware wannan jinsin daga 'yan gidansu. Tumatir Solanum lycopersicum. Dankalin Turawa Solanum tuberosum. Kun ji Solanum sau biyu ko? Dankalin Hausa kuwa Ipomoea batatas, ko kusa da su bai zo ba. Zaki Panthera leo, damisa Panthera pardus, gida ɗaya. Kyanwa Felis catus, gidanta daban, amma a mataki na gaba za su haɗu. Mu kanmu Homo sapiens.

Masu shirin WAEC da NECO, ku buɗe kunne a nan, don kowace shekara ana zubar da maki a banza. Kalmar farko da babban baƙi take farawa, ta biyu da ƙarami, ko da daga sunan mutum ko na ƙasa aka samo ta. A bugun inji ana karkata rubutun. Da hannu kuwa sai ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalma, daban-daban.

Yanzu matakan. Ku ɗauke su kamar adireshi: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, unguwa, har zuwa ƙofar gida. Kana sauka, jama'a na raguwa, kamanni na ƙaruwa. Daga sama akwai kindom, wato masarauta, sai failom, sai kilas, sai oda, sai famili, sai jinos, sai sifishis, wato jinsi. Mu bi zaki. Masarautarsa ta dabbobi. Failom ɗinsa Chordata, inda masu ƙashin baya suke, har da kifi da kwaɗo. Kilas Mammalia, masu shayar da nono. Oda Carnivora, a nan yana tare da kura da kare. Famili Felidae, kura da kare sun sauka, saura shi da damisa da kyanwa. Jinos Panthera, kyanwa ta sauka. Sai leo, shi kaɗai.

Kun san yadda ake yi wa jemage gori, wai shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Masana sun daɗe da yanke hukunci. Gashi gare shi ba gashin tsuntsu ba, yana da haƙora, haihuwa yake yi ya shayar. Fiffiken nan nasa ma hannu ne, fata ce ta shimfiɗu tsakanin dogayen yatsu. Yana cikin Mammalia tare da akuya.

To mene ne jinsi? Ma'aunin da aka fi koyarwa shi ne halittun da za su yi barbara su haifi ɗa, ɗan shi ma ya haihu. Doki da jaki duk 'yan gidan Equus ne, kuma idan jaki ya hau goɗiya ana samun alfadari. Amma alfadari kusan ba ya haihuwa. Dalili, ƙunshin gado da ke cikin ƙwayar halittar doki, wanda ake kira kuromozom, guda 64 ne, na jaki 62, alfadari sai ya tashi da 63, ba su rabuwa biyu daidai. Saboda haka jinsi biyu ne. Wannan ma'auni ba ya aiki a kan bakteriya, ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, tunda su rabewa suke yi, amma ku riƙe shi tukuna.

Su kansu sunayen ɗauke suke da tarihi, wani mai daɗi wani akasin haka. Kuka Adansonia digitata ce, don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal. Ɗorawa Parkia biglobosa, daga sunan Mungo Park, wanda ya mutu a kogin Kwara wajen Bussa a 1806. Gawo kuwa Faidherbia albida, sunan Faidherbe, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal. Ni dai ba ya yi mini daɗi a ce itacen da kakanninmu suka san amfaninsa a gona tun fil'azal yana yawo da sunan gwamnan mallaka. Amma ƙa'idar ita ce sunan da aka fara wallafawa bisa sharuɗɗa shi ke da haƙƙi, kuma ana ajiye busasshen samfur a ma'ajiya don duk mai jayayya ya je ya duba.

Wani zai ce, Malam, tunda an ce suna ɗaya ne duk duniya, me ya sa tsohon littafin yayana ya rubuta tumatir Lycopersicon esculentum? Tambaya mai kyau. Sunan nan iƙirari ne cewa wane ɗan gidan su wane ne, kuma idan hujja ta sauya, dole suna ya bi ta. Linnaeus a Solanum ya sa tumatir. Daga baya wani Bature, Philip Miller, ya cire shi ya ba shi gida nasa. Da aka zo zamanin binciken DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta, sai aka ga yana tsakiyar 'yan Solanum, aka mayar da shi.

Haka abin yake har a saman tsani. Linnaeus masarauta biyu ya ba masu rai, tsirrai da dabbobi. A 1969 Robert Whittaker ya kawo biyar, ya fitar da naman kaza da danginsa daga cikin tsirrai, don ba sa haɗa abincinsu da hasken rana. A 1990 Carl Woese na Amurka da abokan aikinsa suka ɗora wani mataki a kan masarauta, mai kashi uku: bakteriya, da arkiya masu kama da su a ido amma danginsu daban, da sauranmu masu cibiya a cikin ƙwayar halitta.

Wani lokaci kuma har rigima ake yi. Bagaruwa da muke jima da ita, shekara da shekaru Acacia nilotica ce. Bincike ya nuna itatuwan da aka tara a Acacia ba duk gida ɗaya suke ba, sai an raba su. To wa zai riƙe tsohon sunan, na Afirka ko na Ostireliya? Ostireliya ta fi yawan jinsuna, kusan dubu. A babban taron masana tsirrai na birnin Biyana, a Turai, a 2005 aka ba ta, masana da dama daga Afirka suka ƙi yarda, aka sake tabbatarwa a Melbourne a 2011. Yanzu bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara mai ba da ƙaro kuma Senegalia senegal. Idan littafin makarantarku tsohon sunan ya kawo, ku rubuta shi, ba a soke shi daga tarihi ba, amma ku san da sabon.

Aikin gida. Ku samo furen kuɓewa, da na yakuwa, da na rama, da na auduga in akwai a kusa. Ku jera su a kan takarda, ku ƙirga fallayen kowanne, ku duba sandar da ke tsaye a tsakiya. Ku rubuto abin da kuka gani, da famili ɗin da kuke zaton suna ciki. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.