Tsilar da Sai a Hoto Ake Ganin Ta

Jama'a, ku dubi wannan hoton asibiti, irin mai nuna cikin jiki, da kyau. Cinyar mutum ce. Ga ƙashi nan, amma ku lura da fararen ɗigo-ɗigon da suka watsu cikin tsoka, kamar an zubar da shinkafa a kan tabarma. 'Ya'yan tsila ne da suka mutu suka ƙandare.

Mu nan Bauchi, tsilar da muka sani ta naman shanu ce, wanda bai gasu sosai ba. A hanji take zama, gwajin bahaya kan kama ta. Wannan kuwa ta alade ce, likitoci na kiran ta Taenia solium.

Na san za ku ce ai mu ba ma cin alade. Gaskiya ne. To amma wannan ciwon ba ta nama yake shiga ba. Ƙwan tsilar yana fita ne cikin bahayar mai ɗauke da ita, ya faɗa ruwa, ya hau latas da kabeji, ko ya maƙale a hannun da ba a wanke ba. Da zarar an haɗiye shi sai ya ƙyanƙyashe, ya bi jini zuwa tsoka, ido, har ƙwaƙwalwa. A lokacin ko an gwada bahaya, ana iya rasa ganin komai a ciki.

Ta ƙwaƙwalwar ce ke tayar min da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankunan da cutar ta yi katutu, ita ke jawo kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Magidanci da bai taɓa faɗuwa ba, rana tsaka ya yanke jiki yana karkarwa, gida kuma a ce iska ce.

A cikin na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, CT ya fi nuna 'ya'yan tsilar da suka ƙandare. MRI kuwa yana nuna mai rai: 'yar jakar ruwa da ɗigo ɗaya a ciki, wato kan tsutsar.

Don Allah kada a sayi albendazole, maganin tsutsar ciki, a kemis a sha kai tsaye. Idan tsutsa ta mutu a ƙwaƙwalwa ko a ido wurin na kumbura, shi ya sa likita ke fara duba ido, ya haɗa da maganin kumburi. Wanda farfaɗiya ta fara masa da girma, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), a tambayi likita ko akwai buƙatar hoton kai.