Sun Iso Na Ɗaya, Me Ya Sa Aka Hana Su Kofi?

Salamu alaikum jama'a. Bidiyon nan ya zaga WhatsApp ɗin Yamai, daga Bukoki har Harobanda. Gasar kilas da kilas ce a wata lise ta gwamnati, irin wadda ake yi kowace shekara, tsofaffin ɗalibai ma sukan dawo kallo. Gudun miƙa sanda ne, mutum huɗu, kowa mita 100. Ƴan taminal sun iso da rata mai yawa, sai mushen EPS, wato malamin wasanni, ya ce sam, kofi na ƴan sagond ne. Nan take aka ce son kai, har wani ya rubuta wai ɗan mushe na cikin sagond. Allah ya ba mushe haƙuri.

Farkon gudun ba gardama. Ga tashi, ga miƙawa ta farko, ga ta biyu, duk lafiya lau. Mu wuce.

Yauwa, nan. Mu tsayar da hoton. Kun ga layin tokar nan, da wancan na gaba? Tsakaninsu mita 30 ne, kuma a cikinsu kaɗai aka yarda sanda ta sauya hannu. Masu cewa an yi zalunci ƙafar yaron da ke miƙa sanda suke kallo, suna cewa ai ga ta nan ba ta taka layi ba. Gaskiya ne, ba ta taka ba. Amma alƙali ba ruwansa da ƙafa, ba ruwansa da ƙirji ko kai. Sandar yake bi da ido. Inda take lokacin da mai miƙawa ya sake ta, shi ne hukunci.

Mu sake gani a hankali. Mai karɓa ya tashi da wuri, ya yi wa ɗan'uwansa nisa. Ya miƙo hannu baya, ya taɓa sanda. Taɓawa fara miƙawa ce kawai, ba a gama ba sai ta zama a hannunsa shi kaɗai. Ku dubi hannun na baya, har yanzu yana riƙe. Taki ɗaya. Taki biyu. Ƙafar da ake ta zagayewa da jan alƙalami a hoto ta mai miƙawa ce, tana ciki. Sandar kuwa tana gabansa, ta riga ta tsallake layi, sai yanzu ya sake ta. Shi ke nan, an fita.

Da a ce mai karɓa ne jikinsa ya wuce layi, hannunsa na baya da sanda suna ciki aka sake masa, da ba laifi. Haka dokar take.

Iyayenmu da suka yi gudu a zamaninsu za su ce mita 20 suka sani. Ba su manta ba. Da can mita 20 ne, da ƙarin 10 na ɗaukar gudu kafin a shiga cikinsu, daga kakar 2018 aka haɗe su suka zama 30. A gudun mita 400 sau huɗu kuwa har yau 20 ne.

Wani ya tambaya, in sanda ta faɗi fa? Ba a fitar da ku don haka. Wanda ta kuɓuce wa shi zai ɗauka, kada ya tare wa kowa hanya, kada ya rage nisa.

Kuma yara kada su ji kunya. A wasannin Olamfik na Faransa a 2024, mazan Amurka da duk saurinsu irin wannan kuskuren ya fitar da su, Kanada ta tafi da zinari.

Ni inda na ga gyara, filin ne. A filin wasa na Seyni Kountché layuka a zane suke, ba sa gogewa. A makaranta toka ce bisa rairayi, kafin zagaye na uku ƙafafu sun share rabinta. A riƙa sabunta layi kafin kowane gudu, a tsayar da mutum ɗaya a kowane wurin miƙawa, su uku ke nan. Ƴan taminal kuma, ku gwada da taki, ku sa alama a ƙasa, mai karɓa kada ya motsa sai ɗan'uwansa ya taka ta.