Kallo da Tunani Suna Koya wa Hannu Aiki?

Hauwa: Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Agege. Yaya Sani, yau ka zo mana da wata magana, wai mutum na zaune zai iya ƙara wa yatsansa ƙarfi da tunani kawai.

Sani: Ba ni na faɗa ba. A 1992 masu bincike biyu a Amurka, Yue da Cole, suka sa mutane suna rayawa a ransu cewa suna tura ƙaramin yatsa iya ƙarfinsu, alhali ko motsi bai yi ba. Bayan mako 4 ƙarfinsa ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari. Waɗanda suka motsa da gaske suka samu kashi 30.

Malam Bala: To, tsokar ce ta yi kauri?

Sani: A'a Malam, ƙwaƙwalwa ce ta ƙware wajen aika wa tsoka umarni. Kallo ma haka. A Parma ta Italiya, farkon shekarun 1990, wani mai bincike Rizzolatti da abokan aikinsa suka ga wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri suna aiki idan ya ɗauki abinci, suna kuma aiki idan yana kallon mutum yana ɗauka.

Malam Bala: Mu teloli ai mun daɗe a kan wannan. Yaro ya zo koyon ɗinki, ba na ba shi almakashi. Ya tsaya a kafaɗata, ya ga yadda nake lanƙwasa wuyan kaftani, yadda ƙafa ke taka keke hannu na jan yadi. Amma fa gani ba ci ba ne. Wanda ya taɓa ɓata yadi da hannunsa, kallonsa daban. Har yatsunsa za ka ga suna motsi.

Hauwa: Wato a haɗa biyun.

Sani: Ƙwarai. Kuma tunanin ba na ɗan kallo ba ne. Ka ji nauyin almakashin a hannunka, ka bi aikin daki-daki da saurin da ake yinsa. Har masu shanyewar ɓarin jiki akan sa musu madubi, su motsa lafiyayyen hannu, ido ya ga kamar mai ciwon ne ke motsi. Amma ƙari ne a kan gashin da ake musu a asibiti, ba madadinsa ba.

Hauwa: To ni da nake kwana a danfo, motar hayar nan ta Legas, tsakanin Oshodi da gida, na samu abin yi. Tuƙi nake koyo.

Malam Bala: Ki dai zaɓi direban da za ki kalla, 'yata. In na danfo ne, birki ma sai kin manta inda yake.