Ƙarin ruwan ɗakin tiyata: akwai suga a ciki?

Ku dubi ledar nan da ke rataye a gefen gadon tiyata. Da yawanmu mun ɗauka duk ƙarin ruwa ruwan suga ne, tunda an hana mara lafiya abinci awa 6 kafin aiki, sai a ba shi abin da zai riƙe shi. Galibi ba haka ba ne. Ko ruwan gishiri ne mai kashi 0.9 cikin ɗari, ko kuma wanda ake kira Ringer, kuma babu suga ko kaɗan a cikinsu.

Ga dalili. Mutum yana can cikin barcin da likita ya sa shi, bai san inda yake ba, amma jikinsa ya san an yanka shi. Nan take kortisol da adiranalin, sinadaran da jiki ke fitarwa in ya shiga wuya, su yi sama. Hanta ta fara zubo sugan da ta ajiye, wajen giram 100 a jikin babba, tsokoki kuma su yi wa insulin, sinadarin da ke sa su ɗebe suga daga jini, kunnen ƙashi. Sai suga ya hau a jini, ko da ba a ƙara masa ko ɗigo ba. In ka ɗora masa ledar dekstros mai kashi 5, wadda ke da giram 50 na suga a kowace lita, ka ƙara wa wuta fetur. Suga mai yawa na sa rauni ya kamu da ƙwayar cuta ya ƙi warkewa da wuri, shi ya sa ake son ya tsaya ƙasa da 180 a ma'aunin sugan jini.

Sai dai akwai masu buƙatar ƙarin ruwa mai suga. Jariri ajiyarsa ba ta da yawa. Haka mai ciwon suga da ke allurar insulin, da mai ciwon hanta, da wanda yunwa ta daɗe tana ci. In ajiyar hanta ta ƙare, jiki kan koma yana cin tsokarsa da kitsensa, kuma suga kaɗan a jijiya na rage wannan asarar.

Abin da ya fi ba likitan barci tsoro shi ne sugan ya faɗi ƙasa. Wanda yake a farke zai ce yana jin jiri, yana karkarwa. Wanda aka sa barci ba zai ce uffan ba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana cutuwa. Don haka a irin waɗannan marasa lafiya ake tsira musu allura a yatsa kusan kowace awa ana aunawa, sannan a ƙara ko a rage gudun ɗigon.