Fuska daban, kunne daban: abin dubawa kafin sayen talabijin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Magidanci ne ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya shiga Babbar Kasuwar Katsina ya ɗauko talabijin ta bango mai inci 43, an rubuta HD ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Ya kai gida, ya jona eriya, ya danna neman tashoshi. Ta gama lalubenta ta ce babu komai. Wani kuma tasa ta kama, amma hoton bai fi na tsohuwar mai ƙeya kyau ba. Daga nan sai zargi, a ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Abu biyu aka haɗa wuri guda, alhali kowanne da aikinsa.

Na farko fuska ce, gilashin da kake kallo. HD maganar fuska ce kawai, wato yawan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto. Mai 720 tana da ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye. Full HD tana da 1920 da 1080. Mai 4K kuwa 3840 da 2160. Tsohon hoton da muka taso da shi layi 576 ne.

Na biyu wata 'yar na'ura ce a ciki, daidai inda wayar eriya ke shiga. Masu gyara na ce mata tuna, ni kuwa kunnen talabijin nake kiranta, don ita ke sauraren abin da tasha ta aiko ta iska. Kunnen nan yare ɗaya ko biyu yake ji. In aka yi masa wani yaren, shiru za ka ji, komai kyawun fuska.

A da, tashoshinmu analog suke aikowa, tsarin da ake kira PAL. Sigina in ya yi rauni sai hoto ya yi yayyafi, a tura yaro ya juya eriya a kan sanda. Dijital ba haka yake ba. Ko dai hoto ya zo tas, ko ya daskare ya farfashe gida-gida, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Amfaninsa babba ne: zangon da tasha ɗaya ke cinyewa a analog yana ɗaukar tashoshi da yawa a dijital. Shi ya sa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta fara sauya ƙasar nan zuwa dijital, aka buɗe a Jos a 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Kano a 2021. Yaren da Najeriya ta zaɓa sunansa DVB-T2.

Ku riƙe haruffan nan da kyau, DVB-T2, har da lamba 2 ta ƙarshe. A nan ne masu sayen ta hannu, 'yar Kwatano, suka fi shan wahala, kuma abin yana damuna, don yawanci masu ƙaramin ƙarfi ne. Tsofaffin talabijin na Turai da yawa DVB-T zalla gare su, ba sa jin T2. Wadda aka yi don Amurka ATSC take ji, ta Japan kuma ISDB, duk ba namu ba ne. Ta Amurka ma akwai wani haɗarin: wutarsu 120 ce, tamu 230, saboda haka a karanta takardar da ke manne a bayanta kafin a jona ta a soket. In ka ga an rubuta HD Ready, abin da ake nufi fuskar na iya nuna hoton HD in an kawo mata shi. Ba alkawari ba ne cewa akwai kunnen dijital a ciki.

To, wanda ya riga ya saya fa? Malam, kada ka kai ta gwanjo. Dikoda ba komai ba ce illa kunne na waje. Ita za ta saurari tasha, talabijin ta zama fuska kawai. Sai dai a lura, dikodar eriya daban, ta dish daban, ita DVB-S2 take ji daga tauraron ɗan Adam. Kuma tashoshin biya, irin na GOtv da StarTimes, a kulle suke zuwa. Ko talabijin tana da T2 a cikinta, sai da dikodar kamfanin da kuɗin wata za su buɗe.

Sai waya, wadda aka fi rainawa. Wayar nan mai kai uku, rawaya da fara da ja, ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan. Za ka ga gida da dikoda mai HD, da talabijin Full HD, an haɗa su da wannan waya, ana kallon hoto dishi-dishi shekara da shekaru. Wayar HDMI ake so, kuma a shiga saitin dikodar a ɗaga shi zuwa 1080. In tashar da kanta ba da HD take watsawa ba, to babu wayar da za ta ƙara mata ɗigo.

Ranar da za ka je saye, ka fara tambayar mai ɗaura eriya na unguwarku, ko a Ƙofar Ƙaura kake ko a Ƙofar Marusa, me eriya ke kamawa a wajenku. A shago kuma ka ce, Alhaji, don Allah a kunna mini. Ka shiga wurin neman tashoshi. In ka ga ATV kaɗai, kunnen analog ne. In ka ga DTV, sai ka juya bayanta ko ka buɗe littafinta, ka nemi T2 da idonka kafin ka ƙirga kuɗi.